Tsutsa ta cinye min shuka a Teksas, maƙwabciya ta hana ni feshi

Ɗan_Zazzau_Dallas:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka karanci ƙwari da kuma 'yan uwa mazauna Amurka. A watan Afrilu uwargida ta sayo wata shuka mai fure ja da ruwan ɗorawa a wurin masu sayar da furanni, muka dasa a bayan gida. Tana nan abinta gwanin sha'awa, sai satin nan wasu tsutsotsi masu zanen baƙi da fari da ruwan ɗorawa suka dirar mata, suka yi mata ƙarƙaf, sai kara tsirara. Na ɗauko maganin feshi ke nan, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, ta leƙo ta kan shinge tana roƙona in ajiye. Wai 'ya'yan malam buɗe littafin nan ne da ake kira monak, in sun yi fiffike Meksiko za su tafi. Ta kuma ce shukar ma ba ita ya kamata mu dasa ba, baƙuwa ce, in sare ta in nemi 'yar ƙasa. Da na karya ganyen kuwa sai ga farin nono yana ɗiga irin na tumfafiya. To gaskiya ne ɗan wannan abin yana kai wa Meksiko? Shi ne wanda muke gani a kan tumfafiya a gida? Kuma in sare shukar ko in bar ta?

Bazamfare77:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, a Amurka har tsutsa tana da lauya.

Baffa_Manomi:
Ɗana, ni dai a sanina tsutsa tsutsa ce. Tun 2016 da tsutsar masarar nan ta shigo mana, wadda aka ce daga can wajenku ta taso, ba mu huta da sayen magani ba. Ta shige tsakiyar masara ta yi ta ci, kafin ka farga gona ta zama rariya. Fesa abinka ka huta.

Malamar_Halittu:
Baffa, Allah ya ƙara girma, waɗannan biyun ba su haɗa hanya ba. Tsutsar masara tana cin masara da dawa da gero da sauransu, shi ya sa ta zama annoba. Ita kuwa ta monak ko za ta mutu da yunwa ba za ta taɓa masara ba. Abincinta dangin shuka ɗaya ne tak, masu farin nonon nan da masana ke kira Asclepias, a Amurka kuma ake ce musu milkwid. In ta cinye wannan shukar ta gama, ba za ta koma kan tumatir ko alayyahon da ke gefe ba.

@Ɗan_Zazzau_Dallas, dattijuwar gaskiya ta faɗa maka. Waɗanda ke gabas da duwatsun Rocky, tun daga kudancin Kanada, suna fara gangarowa kudu daga ƙarshen Agusta. Teksas ce mashigarsu, nan suke haɗuwa a watan Oktoba, su ƙetara Meksiko, su hau duwatsun jihar Michoacan da Jihar Meksiko, inda tsawon ƙasa ya kai wajen mita 3,000 daga teku. Can akwai dazukan wata bishiya da ake kira oyamel, a kanta suke yin hunturu har zuwa Maris. Wanda ya taso daga Ontario yana cin tafiyar kilomita 4,000 ko fiye, alhali nauyinsa duka wajen rabin giram ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lamarin ba nisan ba ne. Wanda ya baro Meksiko a Maris iyakarsa arewacin Meksiko da Teksas da maƙwabtanta, ya yi ƙwai ya mutu. 'Ya'yansa su ƙara gaba su yi ƙwai su mutu, kowannensu sati 2 zuwa 6 yake yi a duniya. Sai jika, sai tattaɓa-kunne. Wanda aka ƙyanƙyashe a ƙarshen Agusta zuwa Satumba shi ne jikinsa ke jingine batun haihuwa, ya tara kitse, ya kama hanya, ya rayu har wata 8. Bai taɓa ganin dajin ba, iyayensa ma ba su taɓa gani ba, amma can zai sauka.

Abu_Safwan:
Tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci kowane abu kuma ya shiryar da shi. Malama, da me yake gane hanya?

Malamar_Halittu:
Da rana, Malam. To amma rana tana tafiya daga gabas zuwa yamma, saboda haka sai da agogo. Masu bincike a Jami'ar Massachusetts, ƙarƙashin Steven Reppert, sun nuna a 2009 cewa agogon yana cikin 'yan eriyoyin nan biyu na kansa. Da aka cire su, ko aka shafe su da baƙin fenti, sai ya ci gaba da tashi amma ya rasa inda kudu take. Wannan ya bayyana yadda yake miƙewa kudu maso yamma. Yadda yake gane ainihin dutsen da zai tsaya kuwa, har yanzu masana suna ta kai-kawo a kai.

Hajiyar_Toronto:
Ni ganau ce. Akwai wani wurin shaƙatawa a nan Ontario, Point Pelee, wani tsibin ƙasa ne da ya kutsa cikin tafkin Erie. A Satumba nan suke taruwa su jira iska ta yi musu daidai kafin su ƙetara ruwan. Mun je da yara da yamma, muna kallon wata bishiya muna zaton busassun ganye ne, sai wani ya iso zai sauka, duk suka buɗe fiffike a tare, bishiyar ta koma ja. Autata har ihu ta yi.

Kuma a nan garin namu aka fara bin sawunsu. Wani malamin Jami'ar Toronto, Fred Urquhart, shi da matarsa Norah, sun shafe shekaru kusan 40 suna manna musu 'yar takarda mai lamba a fiffike, suna roƙon jama'a duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko. Sai a Janairun 1975 wasu masu taimaka musu, Ken Brugger da Catalina Aguado, suka hau dutsen Cerro Pelon suka gano wurin. Mujallar National Geographic ta buga labarin a Agustan 1976.

Ɗan_Damagaram:
Hajiya, a yi haƙuri, suka gano ko aka nuna musu? Mutanen ƙauyukan da ke gindin dutsen ai ba a 1975 aka haife su ba.

Hajiyar_Toronto:
Ƙanina, ba musu a nan, mutanen wurin sun san da su tun kakanni. Amma su ba su san daga Kanada baƙin nasu ke zuwa ba, na Kanada kuma ba su san inda nasu ke ɓacewa ba. Lambar fiffiken ce ta haɗa bakin zaren.

Ɗan_Damagaram:
To na yarda da wannan. Mu koma tambaya ta biyu, don ita ta dame ni. Mu nan Damagaram tumfafiya ko'ina, bayan gari, bakin hanya, tsohuwar gona da ta gaji. Kuma wallahi akwai wani malam buɗe littafi ja mai baƙin baki da ɗigon fari da kullum yake shawagi a kanta, a hankali yake tashi kamar ba ya tsoron kowa. Ba shi ba ne?

Malamar_Halittu:
Ɗan uwansa ne na jini, amma ba shi ba ne. Na Amurka Danaus plexippus, namu Danaus chrysippus. Tumfafiya kuma dangi ɗaya suke da milkwid, shi ya sa mai tambaya ya ga nonon ya tuna gida. In kana son bambancewa, namu ya fi ƙanƙanta, ba shi da baƙaƙen jijiyoyi masu kauri a fiffike kamar monak, kuma irin na Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne. A tsutsa ma ya fi sauƙi: ta monak tana da 'yan ƙahonni masu laushi guda huɗu, biyu gaba biyu baya, tamu kuwa shida gare ta. Namu ba ya zuwa Meksiko, yana nan tare da mu, tunda tumfafiya ba ta san rani ba.

Tafiyar isa da ka ga yana yi kuma da dalili. Nonon yana da guba mai taɓa zuciya. Tsutsar tana ci, gubar ba ta yi mata komai, sai ma ta adana ta a jikinta har ta yi fiffike. Wani masani, Lincoln Brower, ya gwada a shekarun 1960: ya ba wani tsuntsu monak ya ci, tsuntsun ya yi ta amai, daga ranar ko an ba shi ba ya karɓa. Jan launin nan sanarwa ce ga tsuntsaye.

Baffa_Manomi:
To wannan kam na gane. Farar tumfafiya ma ai haka take. Duk son yara da fara, ba wanda ke soya ta, kaji ma ba sa kula ta.

Malamar_Halittu:
Dabarar ɗaya ce, Baffa. Sai dai kowane gwani da gwaninsa, a dajin Meksiko akwai tsuntsaye iri biyu da wani ɓera da suka iya cin monak, kuma suna cin su da yawa duk hunturu.

Jikan_Majema:
Ni ma bari in sa baki. Gidanmu gidan jima ne, kuma fatakka muke daka wa mu jiƙa fata a ciki don gashi ya fita. Ita ma farin nono gare ta. Muna yara in aka aike mu ɗebo ta, mukan ga irin tsutsar da Malama ta kwatanta a jikin ganyen. Ashe dangi ne?

Malamar_Halittu:
Dangi ne, kuma namu yana yin ƙwai a kanta kamar yadda yake yi a tumfafiya.

Ɗan_Zangon_Kumasi:
Ku tsaya. In tumfafiya guba ce, yaya Fulani ke yin wagashi da ita? Nan Gana da Benin da ganyenta ake sandarar da madara, kuma mun girma muna ci, ga mu nan da ranmu.

Maman_Haidar:
Ɗan kaɗan ake sawa a cikin tukunya guda, a tace, a kuma tafasa. Ba ɗaya ba ne da mutum ya sha nonon. Abin tsoron dai ido ne. @Ɗan_Zazzau_Dallas, in za ka taɓa shukar nan sa safar hannu, ka kuma gargaɗi yara, nonon milkwid in ya shiga ido yana iya dusashe gani na kwanaki.

Mu a nan Minesota har a makaranta ake koya wa yara renon su, ɗana ne ya jawo ni ciki. Uwar tana yin ƙwai ɗaya-ɗaya a bayan ganye, ɗan fari kamar kan allura. Bayan kwana 3 zuwa 5 ya ƙyanƙyashe, abin farko da 'yar tsutsar ke ci shi ne ɓawon ƙwanta. In ta ɗan tasa, ku lura da wayonta: kafin ta ci ganye sai ta je ta gatsa jijiyar tsakiya, nonon ya tsiyaye a can, ganyen ya langaɓe, sannan ta koma ƙarshensa ta ci hankali kwance. Don nonon nan yana iya manne wa ƙanana baki su mutu. Wajen sati biyu tana ci tana saɓa, sannan ta bar shukar ta nemi wani wuri, ta saƙa ɗan zare, ta rataye kanta a ƙasa, ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Washegari sai ka ga ƙahonnin sun yi laushi, fatar ta tsage daga ƙeya, tana murɗawa tana murɗawa har fatar ta tattare sama ta faɗi. Abin da ya rage ɗan kwanso ne kore shar mai ɗigon zinariya, za ka rantse maƙerin zinari ne ya yi shi. Bayan kwana 10 zuwa 14 ya yi baƙi, kana hango jan fiffiken daga ciki, da safe ya fashe. Yana fitowa cikinsa ƙato, fiffike a cukurkuɗe, sai ya rataye yana tura ruwa cikinsu har su miƙe.

Saboda haka in ka ga tsutsotsinka sun ɓace kar ka ce tsuntsu ne. Duba ƙarƙashin kujera da bakin taga da jikin shinge.

Bazamfare77:
Maman Haidar, a gida mu kaji muke kiwo, ke kin je Amurka kin koma kiwon tsutsa. Nawa ake sayar da mudu?

'Yar_Bida:
Kai Bazamfare kar ka yi dariya, mu a ƙasar Nupe tsutsar kaɗanya mudu-mudu ake sayar da ita da damina, a busar a sa a miya. Ita ma ganyen kaɗanya kawai take ci. Inda aka sare kaɗanya aka yi gawayi, ita ma ta tafi.

Bazamfare77:
Na janye. Amma ba zan ci ba.

Baƙon_Kalifoniya:
Maman Haidar, ban ƙi naki ba, amma renon nan a ɗaka akwai magana a kai. Masu bincike a Jami'ar Chicago sun fitar da sakamako a 2019 cewa waɗanda aka saya daga masu kiwon sayarwa ba sa fuskantar kudu, har ma na daji da aka rena cikin ɗaki sun rasa alƙiblar. A nan Kalifoniya ma sai da izinin hukuma ake taɓa su. Ni a ganina a bar su a waje, kowa ya dasa musu abinci kawai.

Maman_Haidar:
Na ji wannan binciken, shi ya sa kejinmu na raga ne kuma a baranda yake, suna ganin rana suna jin sanyin dare. Kuma 'yan kaɗan muke ɗauka don yara su gani. A waje fa cikin ƙwai goma da ƙyar ɗaya ke kai wa fiffike, tururuwa da gizo-gizo da rina suna kwashe su. Akwai ma wani ƙuda da ke yi wa tsutsar ƙwai a jiki, sai ta rataye ka ga wani farin zare ya zubo daga cikinta, shi ke nan ta mutu.

Baƙon_Kalifoniya:
Ai rina da gizo-gizon ma abincinsu suke nema. Uwa ɗaya tana yin ƙwai ɗaruruwa, lissafin da ma da asarar a ciki. Matsalar ba a nan take ba. Namu na yamma ba sa zuwa Meksiko, bakin teku suke sauka, irin su Pismo Beach da Pacific Grove da Santa Cruz, yawanci a kan bishiyar turare. Ƙungiyar Xerces tana ƙirga su duk ƙarshen shekara. A 2020 ba su kai 2,000 ba a jihar gaba ɗaya, inda a shekarun 1980 miliyoyi ne. A 2022 suka haura 300,000 muka fara murna, a 2024 suka dawo ƙasa da 10,000. Wannan ba aikin gizo-gizo ba ne.

Mai_Lissafi:
Na Meksiko kuma ba a iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, faɗin dajin da suka rufe ake aunawa. Hunturun 1996 zuwa 1997 hekta 18 da 'yan kai. Na 2013 zuwa 2014 hekta 0.67, shi ne mafi ƙanƙanta. Na 2023 zuwa 2024 hekta 0.9, na bayansa 1.79. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su cikin masu fuskantar ƙarewa a 2022, ta sassauta matakin a 2023. A Disambar 2024 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta ba da shawarar a sa su cikin jerin waɗanda doka ke karewa.

Amma a yi adalci, ba duk masana ne bakinsu ya zo ɗaya ba. Wasu a Jami'ar Georgia sun duba ƙidayar lokacin zafi a 2022 suka ce yawan masu hayayyafa a arewa bai faɗi kamar na hunturu ba. In haka ne, a kan hanya ake asarar.

Kawu_Direba:
A kan hanya kam ni shaida ne. Babbar mota nake ja, kuma I-35 ce hanyata, daga Laredo har Minesota. Ita ce ma suke wa laƙabi da hanyar monak, don jihohin da ta ratsa sun yi yarjejeniyar shuka musu furanni a gefen titi. A Oktoba in ka biyo kudancin Teksas, in ka tsaya shan mai ka duba gaban mota, abin ba daɗin gani. Ba yadda za ka yi, ba ka taka birki da kaya tan 20 saboda malam buɗe littafi.

Abu_Safwan:
Na ji an ce mutanen can suna bauta musu. Gaskiya ne?

Matafiyi_Kano:
A'a Malam, ba bauta ba ce. Isowarsu tana dacewa da bikin tunawa da matattu da suke yi ranar 1 da 2 ga Nuwamba, to a al'adar wasu ƙabilun yankin ana cewa rayukan magabata ne suka dawo ziyara. Mu dai ba aƙidarmu ba ce, amma ta sa suna girmama su.

Na je El Rosario a wani Fabrairu, daga garin Angangueo ake hawa. Ga tudu ga ƙarancin iska, wasu doki suke haya, ni da na ce zan taka sai da na riƙa tsayawa ina haki. Da safe ba abin da za ka gani sai wasu baƙaƙen dunƙule suna reto a rassa, har reshe ya sunkuya don nauyi. Jikin bishiyar ma a rufe. Masu gadi suna hana ɗaga murya. Da rana ta bugi wurin sai dunƙulen suka fara warwarewa, kana jin ƙarar fiffike kamar yayyafi a kan ganye, ƙasa kuma duk gawarwaki da masu shan ruwa a laka, sai ka duba kafin ka taka. Jagoranmu ya ce bishiyoyin ne bargonsu: in aka sare wasu, sanyi da ruwa su shigo ta ramin. A Janairun 2002 ruwa da ƙanƙara sun kashe mafi yawan waɗanda ke manyan masaukai biyu a dare kaɗan. UNESCO ta sa dajin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008, amma masu saran katako ta ɓarauniyar hanya da masu faɗaɗa gonakin afokado ba su bar yankin ya huta ba. Homero Gomez Gonzalez, wanda ya jagoranci kula da El Rosario, gawarsa aka tsinta a Janairun 2020.

Su mutanen ƙauyen suna bin ƙasa suna neman matattu masu lamba a fiffike, don shirin Monarch Watch na Jami'ar Kansas, wanda aka fara a 1992, yana biyan su a kan kowace lamba.

Ɗan_Zazzau_Dallas:
Na gode ƙwarai jama'a, na ajiye feshi. Maman Haidar, na duba, na samu kwanso biyu a ƙarƙashin bakin tukunyar fure. Amma har yanzu ba a ce min komai kan shukar ba. Tunda suna cin ta har sun ƙoshi, mene ne laifinta?

Malamar_Halittu:
Mai fure ja da ruwan ɗorawa ita ce Asclepias curassavica, 'yar ƙasashe masu zafi ce daga kudu. Masu furanni suna son ta don tana saurin girma. Laifinta shi ne ba ta san lokacin tafiya ba. Milkwid 'yan ƙasa suna bushewa da kaka, su sake tohowa sabbi a Maris daidai isowar baƙi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake taƙaita sunanta da OE, manya suna zubar da ita a kan ganye, tsutsa ta ci ta kamu, ta fito da fiffike a murɗe ko ba ƙarfin tafiya. In shuka ta bushe, cutar ta tafi da tsohon ganye. In kuwa tana nan kore duk shekara, cutar taruwa take yi. Sannan matafiyin da ya kamata ya wuce in ya tarar da ɗanyen ganye a Nuwamba yana iya tsayawa ya hau yin ƙwai. Ni shawarata, ka bari waɗannan su gama, ka tumɓuke ta, ka nemi Asclepias viridis ko asperula ko tuberosa, duk 'yan Teksas ne.

Injiniya_Houston:
Malama, da girmamawa, wannan matsalar tamu ce ta bakin teku da Florida, inda sanyi ba ya kashe ta. Dallas fa ana ƙanƙara, da kanta za ta mutu. Ya sare ta ƙasa-ƙasa a ƙarshen Oktoba ya wadatar. Kuma 'yan ƙasar nan da ake ta yabo, je ka nema ka gani. Viridis saiwa gare ta doguwa, ba ta son dashe, ga jinkirin girma, shekarar farko ɗan tsiro kawai za ka gani. Mutum ya tumɓuke mai amfani ya zauna ba ko ɗaya?

Malamar_Halittu:
Injiniya, in zai tuna ya sare duk shekara, ban ƙi ba. Mutane nawa ne ke tunawa? Ga shi hunturun ma wani yakan zo da sauƙi.

Maman_Haidar:
Ko wacce za ka saya, tambayi mai shagon ko an sa mata maganin ƙwari mai shiga jiki. Wata ƙawata ta sayo mai kyau daga wani babban shago, ta ɗora tsutsotsi, washegari duk sun yi koren amai sun zube. Kuma kar a manta, masu wucewa a Oktoba ba milkwid suke nema ba, ruwan fure suke sha don tara kitse. Ka dasa masu fure da kaka irin su goldinrod da asta.

Baffa_Manomi:
Ina ta sauraro. To wai me ya cinye ciyawar tasu tun farko, da har sai an bi gida-gida ana dasawa?

Mai_Lissafi:
Noma, Baffa. Da can tana fitowa tsakanin kunyoyin masara da waken soya a jihohin tsakiyar Amurka, irin su Iowa da Illinois, kuma nan ne mafi yawan monak ke hayayyafa. Daga 1996 aka fito da irin da maganin ciyawa na glyphosate ba ya kashewa, sai manomi ya fesa gona gaba ɗaya, amfanin ya tsaya, duk wani abu ya mutu.

Baffa_Manomi:
To ni ba zan zagi manomin ba. Mu ma nan yanzu wa ke biyan 'yan noma in ga maganin ciyawa? Sai dai gaskiya, rama da lalo da tafasa da ke fitowa da kansu a gona, mata na tsinka a yi miya da kwaɗo, yanzu sai a gefen hanya. Amma a ce in bar ciyawa a gonata don malam buɗe littafi, wannan sai wanda rumbunsa ya cika.

Ɗan_Damagaram:
Ni abin da ya tsaya min, su suna da mai tafiyar kilomita 4,000 duniya na kallo, namu yana zaune a kan tumfafiya.

Malamar_Halittu:
Muna da matafiyi, ba mu dai kula shi ba ne. Vanessa cardui, ɗan madaidaici mai ruwan ƙasa da ja da ɗigon fari. Da kaka yana baro Turai, ya ƙetara Bahar Rum da Sahara, ya sauko yankinmu na Sahel daidai ƙarshen damina lokacin da ciyawa ke ɗanya, ya hayayyafa, zuri'arsa ta sake komawa arewa. Zagayen ya fi na monak tsawo, ana ƙiyasta shi da kilomita 12,000 ko fiye. A Oktoban 2013 wani masani, Gerard Talavera, ya tarar da wasu da yagaggun fiffike a bakin teku a Guyana ta Faransa, binciken da aka fitar a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka ƙetara Atlantika, kilomita 4,200. Ka duba furanni a Satumba da Oktoba, za ka gan shi a Damagaram.

Bazamfare77:
Ba fasfo ba biza. Mu kuwa sai layi a ofishin jakadanci.

Ɗan_Zazzau_Dallas:
To ga inda aka tsaya a gidana: uwargida ta ce sarewa ta yarda, tumɓukewa ba da ita ba, don kuɗinta ta sa. Ni kuma zan gwada viridis a ɗaya gefen. Wani ya ce min in sa a kawo min irin tumfafiya daga gida tunda dangi ne.

Injiniya_Houston:
Kar ka soma. Shigo da iri ba izini laifi ne a filin jirgi, sannan baƙuwa ka ƙara a kan baƙuwa. Irin viridis kuma ba a shuka shi kai tsaye a bazara, sai ya sha sanyi. Ko ka watsa shi a ƙasa a Nuwamba, ko ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ka sa a firiji wata guda.

Malamar_Halittu:
A nan mun haɗu da Injiniya. Batun tumɓukewa dai ina kan bakana, a gaya wa uwargida zan turo mata hotunan waɗanda OE ta kama ta gani.

Kawu_Direba:
Wanda ke kusa da Oklahoma ya yi min magana, akwai wani fili bayan inda muke ajiye motoci cike da viridis, kwanson irin yana fashewa tun Yuli. Sai dai ban san mai filin ba, a fara nemo shi tukuna.